Barmani da Murhun da Ta Kashe

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, muna saurare.

To ku matso. Kai mai gyangyaɗi, in ka faɗa wuta ba ni na tura ka ba.

Wata tsohuwa ce, sunanta Barmani. Ɗanta ɗaya tal, Jatau, falke ne. In ya kora jakuna da kaka, sai damina ta sauka yake dawowa. Ana nan, rijiyar garinsu ta ƙafe, mutane suka watse. Jatau ya ɗora uwar a kan jaki, ya ce, "Iya, zan nema miki garin zama kafin in tafi fatauci. Inda kika zaɓa, nan zan bar ki."

Suna tafiya, suna tafiya, sai hanya ta rabu biyu. A dama ga Kaguwa, a hagu ga Zalɓe.

Kaguwa ta ce, "Iya, zo garinmu na bakin teku. Ba sauro, ba ambaliya, ba mai sa miki ido."

Zalɓe ya sosa dogon wuyansa, ya ce, "Iya, ni ba zan yi miki ƙarya ba. Garinmu na bakin kogi akwai sauro, akwai surutu, kuma duk shekara sai ruwa ya ci ɗakuna. Amma fa akwai kifi."

Kaguwa ta ce, "Mu ma akwai kifi."



Jatau ya ce, "Iya, ai magana ta ƙare."

Barmani ta ce, "Ba ta ƙare ba, ɗan nan. Kwana uku can, kwana uku nan. Kai kuma ka tafi kiwon jakunanka, kada in gan ka."

Suka fara da teku. Ga farin rairayi, ga kwakwa, ga iska mai sanyi. Aka ba ta ɗaki. Ranar ta yi barcin da rabonta da irinsa tun tana amarya. Ta ce a ranta, nan ne. Amma tsohuwar akwai dabara. Da safe ta ɗebi ruwa ta kashe murhunta, ta kwance ƙuli-ƙulin da ke bakin zanenta, ta zauna tana gwaguya.

Rana ta ɗaya, ba hayaƙi. Teku na ta shuuu, shuuu. Ba wanda ya leƙo.

Rana ta biyu, ba hayaƙi. Shuuu, shuuu.

Rana ta uku, Kaguwa ta zo wucewa a kaikaice, Barmani ta kira ta. "'Yar nan, kwana uku ba hayaƙi a ɗakina."

Kaguwa ta ce, "Na gani, Iya. Kowa ya gani. Mun ce ko azumi kike, ko ba kya son damu. Mu nan in muna ganin girman mutum, ƙyale shi muke yi."

Kuma ba mugunta ba ce, ku sani. Haka suka tashi.

Aka zo bakin kogi. Sauro ya yi mata maraba, kwaɗi suka yi mata waƙa, ko runtsawa ba ta yi ba. Da safe ta kashe murhu.

Ko hantsi bai yi ba, sai ga maƙwabciya, Tabawa, da tsingaro a hannu. Kada ku ce tausayi ya kawo ta. Tata wutar ce ta mutu. "Salamu alaikum. Iya, a sam mini garwashi." Ta taɓa murhu, sanyi ƙalau. Ta ce, "Af, ashe ke ma ta mutu. Bari in zo." Ta roƙo a wani gida, ta raba biyu, ta hura wa Barmani.

Tana fita, Barmani ta sake kashewa.

Da azahar Tabawa ta ɗaga kai, ba hayaƙi. Ta dawo da garwashi, da kunu, da mita. "Iya, ko itacen naki ɗanye ne?"

Tana fita, Barmani ta sake ɗaukar ƙwaryar ruwa. Ashe Tabawa ta laɓe a bayan zana, ita da mata biyar. Suka kama ta da ƙwarya a hannu.

"Iya, ashe ke ce? Da furfurarki?"

Aka yi ta dariya har Zalɓe ya faɗi daga ƙafa ɗaya.

Jatau ya dawo, ya ga idon uwar ya yi ja. Ya ce, "Iya, can kin yi barci, nan ko kaɗan."

Ta ce, "Can na fi jin daɗi, ba na musu. Amma wata rana hayaƙina zai ɗauke da gaske, kai kuwa kana can wata uwa duniya da jakuna. Ina so a samu mai shigowa, ko da garwashi ta zo roƙo."

Jatau ya sauke kayanta nan bakin kogi.

Kaguwa ba ta yi fushi ba. Ta aiko mata da katantanwa guda. Duk ranar da surutun Tabawa ya ishe ta, sai Barmani ta kara ta a kunne, ta ji shuuu, shuuu, ta lumshe ido. Sau bakwai ruwa ya ci ɗakinta, sau bakwai aka taru aka gina. Ranar da hayaƙin ya ɗauke da gaske, ko hantsi bai yi ba aka sani.

In za ku zaɓi gari, ku duba inda za a lura in murhunku ya yi sanyi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera. In da ƙarya a ciki, ta Kaguwa ce, ni dako kawai na yi.