Gwankin da Ya Guji Zama Na Fari

An yi wani saurayin gwanki mai suna Jatau, ɗalibi a kwalejin dabbobi ta Bakin Gulbi. Tun da aka kafa kwalejin ba a taɓa samun ɗan wasan gaba kamarsa ba. In ya ɗauki ƙwallo ya zuba da gudu, sai dai masu tsaron baya su bi shi da kallo. Jatau ba mugu ba ne, yana da fara'a da son mutane. Aibinsa guda ne: an yi ta yabonsa tun yana ɗan ƙarami, har ya soma jin kamar don shi aka ƙirƙiro ƙwallon ƙafa.

Babban abokinsa wani gadu ne, Nomau, gajere kakkaura, wanda ke wasa a tsakiya. Nomau ba ya gajiya, kuma ba ya iya haɗiye gaskiya. Kusan duk ƙwallon da Jatau ya jefa a raga, daga ƙafar Nomau ta fito.

A wannan daji akwai wata al'ada. Duk shekara, idan 'yan ajin ƙarshe za su kammala karatu, manyan ƙungiyoyin ƙwallo sukan turo wakilansu su duba 'yan wasa. A gwada gudunsu, a gwada tsallensu, a kalli wasansu, a zauna da kowa a ji hankalinsa. Daga nan sai a sa ranar zaɓe, kowace ƙungiya ta ɗauki wanda ya kwanta mata. Amma bi da bi ake yi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasar bara ita ke fara zaɓa, masu riƙe da kofi kuwa su ne na ƙarshe. An tsara haka ne don masu rauni su samu su farfaɗo.

A wannan shekara, ta ƙarshe ita ce ƙungiyar Tudun Ƙaya. Masu kofi kuwa su ne Zakarun Fadama, ƙungiyar da Jatau ke mafarkin yi wa wasa tun kafin ƙahonsa ya tsiro.

Duk inda ka bi a kwalejin magana ɗaya ce: "Jatau ne na fari a bana." Kowa na taya shi murna, shi kuwa ciyawa ta daina yi masa daɗi.

Wata rana da yamma, bayan an tashi daga atisaye, ya ja Nomau gefe.

"Ka ji abin da ake cewa? Wai ni za a fara ɗauka."

"To, sai godiya," in ji Nomau. "Ni ko a ƙarshen ƙarshe aka kira sunana, har rawa zan taka."

"Godiyar me? Tudun Ƙaya fa! Filin da ko akuya ba ta kiwo a cikinsa. Bara sau nawa suka ci wasa? Ni da wannan ƙafa tawa in je in ƙare a can?"

"Ai don ba su da irin ƙafarka ne suke nemanka."

Jatau ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Na yi dabara. A wasan gwaji zan yi sanyi. In bar ƙwallo ta wuce, in buga sama, in yi kamar gudu ya gagare ni. Ƙananan ƙungiyoyi duk za su tsallake ni. Wakilin Zakarun Fadama kuwa ya san ni, ya ga abin da na yi a gasar makarantu. Layi na isowa kansa, sai ya ɗauke ni."

Nomau ya tsaya yana kallonsa. "Kai Jatau, lafiyarka kuwa? Kai kaɗai ne a filin? Mu sauran fa da ke neman a gan mu? In na ba ka ƙwallo ka zubar, wa zai ce bugun ya yi kyau?"

"Wasa ɗaya ne tak, Nomau."

"A gare ka wasa ɗaya ne. Ga wasunmu shi ke nan wasan."

"Hassada kake yi!"

"Hassadar me? Ta wauta?"

Suka rabu ran kowa a ɓace. Maganar ta ɗan sosa Jatau, amma da ya tuna da koren filin Fadama da dubban 'yan kallonsa, sai ya ture ta gefe.

Washegari wakiliyar Tudun Ƙaya ta nemi ganinsa. Wata tsohuwar shamuwa ce, ana kiranta Inna Tambai. Fukafukanta sun yi furfura, kuma ta sha yawon makarantu har ta daina ƙirgawa. Ta same shi a inuwar marke, ta zauna kusa da shi.

"Ɗana, na daɗe ina kallonka," in ji ta. "Kana da gudu, kana da ido. Hagunka ce ke da saura, amma wannan gyaruwa take yi. Ba zan ɓoye maka ba, filinmu ba shi da kyau, kuma mun saba da shan kashi. Sai dai muna da 'yan kallo da ba su taɓa gudunmu ba. Kana so ka zo?"

Da Jatau ya ce mata a'a cikin ladabi, da ba laifi. Amma sai ya ɗaga hanci.

"Inna, wai da gaske ne a garinku da ƙaya ake yin raga?"

Wasu ɗalibai da ke kusa suka tuntsire da dariya. Wannan ya ƙara masa ƙarfi.

"Ki nemi wani, Inna. Akwai jakuna a ajinmu, su ba sa ƙin ƙaya."

Inna Tambai ba ta yi fushi ba. Ta miƙe a hankali, ta kaɗe fukafukanta.

"Na ji, ɗana. Allah Ya ba ka inda kake so."

Da ta juya, Jatau ya ga yadda take ɗingisa ƙafa ɗaya. Ya so ya bi ta, amma idon abokai na kansa.

Ranar wasan gwaji fili ya cika. Wakilai suka jeru a gefe. Can a tsakiyarsu ga wakilin Zakarun Fadama, wani raƙumin dawa da ake kira Malam Dogo, ya miƙa wuya yana hangen kowane lungu na filin.

Alƙalin wasa ya busa usur. Ba a jima ba Nomau ya ƙwace ƙwallo a tsakiya, ya zura ta tsakanin masu tsaron baya biyu, ta faɗa daidai gaban Jatau. Daga shi sai gola. Jatau ya ɗaga ƙafa ya doka ta can saman bishiyoyi.

'Yan kallo suka ce, "Kash!"

Nomau ya sake ba shi. Jatau ya yi kamar ya yi tuntuɓe. Ya kuma ba shi. Jatau ya tsaya yana sosa kunne har ƙwallo ta fita.

Nomau ya rugo wurinsa yana huci. "Jatau, don girman Allah ka bari! Dubi Cindo can!"

Cindo wani zomo ne da ke wasa a gefen dama. Tun da aka fara yake ta tsere yana kawo ƙwallo, duk tana mutuwa a ƙafar Jatau. Idanunsa sun cika da ƙwalla.

"Saura kaɗan a tashi," in ji Jatau, ba tare da ya dubi zomon ba.

Daga nan Nomau ya daina nemansa. Ya koma yana tare baya, yana kai gaba, yana yi wa 'yan'uwansa tsawa su tashi tsaye. Duk da haka an lallasa su. Aka tashi 'yan ɓangarensu kowa kansa a ƙasa.

Jatau ya faki ido ya lallaɓa wurin Malam Dogo. Ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, kada abin da ka gani ya dame ka. Lafiyata ƙalau. Da gangan na yi, don in iso hannunku."

Malam Dogo ya sunkuyo da dogon wuyansa, ya dube shi.

"Na gane," in ji shi. 

Jatau ya koma masauki yana tsalle.

Ranar zaɓe aka taru a gindin babbar tsamiya. Iyaye sun zo daga nesa. Mahaifiyar Jatau ma ta zo, tare da ƙannensa da maƙwabta, har da masu kiɗan da ta gayyato. Tsohon kunkuru mai shela ya hau kan dutse.

"Ƙungiyar Tudun Ƙaya ce ta fari. Inna Tambai, wa kuka ɗauka?"

"Mun ɗauki Nomau, ɗan wasan tsakiya."

Wuri ya ruɗe da mamaki. Nomau ya zube a kan gwiwoyinsa, ya kasa ko motsi, sai da aka ɗaga shi. Jatau ya yi murmushi a ɓoye. Dabara ta fara ci.

Ƙungiya ta biyu ta kira wani suna. Ta uku ma haka. Wasu wakilan sun ɗauka Jatau na ɓoye wani ciwo ne a ƙafa. Wasu kuma labarin abin da ya faɗa wa Inna Tambai ya riga ya kai kunnensu. Haka aka yi ta tafiya, mahaifiyarsa na ta waigensa, shi kuwa yana yi mata alamar ta kwantar da hankali.

"Zakarun Fadama!" in ji mai shela.

Jatau ya miƙe tsaye, ya gyara wuya. Masu kiɗa suka ɗaga makaɗansu.

"Mun ɗauki Cindo, ɗan wasan gefe," in ji Malam Dogo.

Jatau ya tsaya kamar an dasa shi. Makaɗa suka sauke hannu a hankali. Aka sake zagayowa, aka kuma zagayowa, har mai shela ya sauko daga kan dutse. Ba wanda ya ambaci sunan Jatau.

Ya kutsa cikin taro ya sha gaban Malam Dogo.

"Ranka ya daɗe, ka manta da ni ne? Ai na gaya maka don ku na yi!"

"Ban manta ba," in ji Malam Dogo. "Yaro, gudunka na sani tun bara, ba shi na zo dubawa ba. Na zo ne in ga halinka. Na ga zomo yana kawo maka ƙwallo yana kuka, kai kana zubarwa don biyan bukatarka. To gaya mini, ranar da ka hango wata ƙungiya da ta fi tamu, mu ma haka za ka yi mana a tsakiyar fili?"



Taro ya watse. Jatau ya koma bayan tsamiya ya kwanta, ya cusa kai cikin ƙafafunsa, ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba. Mahaifiyarsa ta sallami baƙinta, ta zo ta tsaya a kansa. Ba ta yi masa faɗa ba.

"Abin da ake faɗa gaskiya ne?" ta tambaye shi.

"Gaskiya ne, Iya."

"To, kukan ya isa. Akwai waɗanda ka ɓata wa. Kafin ka tako gidana, ka je ka same su."

Ya fara da Cindo, ya bi sauran 'yan ɓangarensu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yafe. Wasu, waɗanda su ma ba a ɗauke su ba, suka juya masa baya, kuma bai ga laifinsu ba. Daga nan ya kama hanyar Tudun Ƙaya a ƙafa.

Ya tarar da 'yan wasa suna tsince ƙaya daga fili kafin atisaye. Nomau ne ya fara hango shi. Ya ɗago kai ya harare shi.

"Me ya kawo mai tsadar ƙafa garin jakuna?"

"Ka faɗi duk abin da kake so, Nomau. Ka gaya mini gaskiya, na ƙi ji."

Nomau ya yi tsaki, ya kau da kai. Can kuma ya ce, "Inna Tambai tana can gindin aduwa. Ka rage tsawon wuyan nan kafin ka isa."

Jatau ya durƙusa a gaban Inna Tambai. "Inna, ban zo neman wuri ba. Na zo ne ki yafe mini maganar da na faɗa miki."



"Ta yi mini zafi, ɗana, ba zan ce ba ta yi ba. Amma na yafe. Wuri kuwa babu, mun cike. Sai dai filinmu ba shi da ƙyaure. Wanda ba a zaɓa ba yana iya zuwa ya yi atisaye da mu. Ba riga, ba suna, ba alkawari. Za ka iya?"

"Zan iya, Inna."

Kakar wasan nan gaba ɗaya Jatau bai buga ko wasa ɗaya ba. Yana tsince ƙaya, yana atisaye, yana gyara hagunsa, ranar wasa kuma ya zauna cikin 'yan kallo. Sau da yawa ya ji ana cewa, "Wancan ne fa wanda aka ce zai zama na fari." Sai ya sunkuyar da kai.

Sai a kaka ta biyu aka ba shi riga. Wata rana ana wasa da yamma, an ci su ɗaya, ɗan wasan gabansu ya gurɗe. Koci ya waiwayo benci, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Jatau! Tashi ka shiga."

Ya miƙe a hankali kamar ɗan sabon shiga. Daga tsakiyar fili Nomau ya daka masa tsawa: "Yi sauri mana, jiranka muke yi!"

Jatau ya ruga da iyakar gudunsa.

Darasin labarin nan kuwa shi ne, baiwa kaɗai ba ta isa ta kai mutum inda yake so ba. Masu dubanka ba gwanintarka kawai suke aunawa ba, suna lura da yadda kake yi wa abokan aikinka da waɗanda kake ganin sun gaza ka. Kada girman kai ya sa ka raina wanda ya zo nemanka da mutunci. In kuma ka yi kuskure, ka nemi gafara, ka yarda ka fara daga ƙasa.