Manomin da Ya Ari Famfon Motar Maƙwabci

Ƙawata Damaris, ga wani misali da ya yi kwanaki yana juya mini a rai. Ke na fara rubuta wa.

Akwai wani manomi da ke noman tumatir a fadama, can bayan dutse, inda babu motar da ke shiga sai mai ja da ƙafa huɗu. Yana da tsohuwar akori-kura irin wannan. Ranar da ya tsinke tumatir ya cika kwanduna, sai famfon da ke zagaya da ruwa cikin injin ya lalace. Tumatir kuwa ba ya jira. In bai kai kasuwa a ranar ba, wahalar rani duk ta tashi a banza.

Maƙwabcinsa yana da mota irin tasa, ajiye a gindin mangwaro, kaji na ƙwai a ciki. Kamfani ɗaya ya ƙera su, shekara ɗaya, har fenti ɗaya. Ya je ya roƙi famfonta, maƙwabcin ya ce, "Kwance ka ɗauka, ba inda za ta."

Da ya zo ɗaurawa, sai sauran notuna suka shiga, ɗaya ya ƙi. Ya juya famfon, ya sake gwadawa, ya ƙi. Ya je ya tsaya gaban motar maƙwabci ya dube ta, ya dawo ya dubi tasa. Fitila ɗaya, ƙofa ɗaya, taya ɗaya. Kansa ya ɗaure.

Matarsa ta ce, "Maigida, anya na wannan motar ne?"

Ya ce, "To na keke ne? Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mai ɗaya muke zuba musu."

Ya sa guduma ya buga, ya ɗaure wurin da waya, ya loda kwanduna ya tashi. A fili motar ta tafi lafiya, har ya fara rera waƙar yabo. Da ta kama hawan dutse sai ruwa ya tsiyaye, injin ya tafasa, tururi ya rufe gilashi. Ta tsaya cik a tsakiyar rana.

Kafin a samo bakanike daga gari, tumatir ya fara zubar da ruwa ta ƙasan kwanduna. Bakaniken ya leƙa ya ce, "Baba, wa ya ɗaura maka wannan? Na babban inji ne, taka kuwa ƙarami ke cikinta."

Manomin ya ce, "Ai mota ɗaya ce."

"Jiki ɗaya dai. Irin waɗannan, inji iri biyu kamfanin ya yi musu. Ƙofarta za ta shiga taka, gilashi ma haka. Amma famfo da bel da tiyon ruwa, kowace da nata."

Manomin ya zauna a kan dutse yana duban kwandunansa. Har aka ja motar gida yana ta cewa, "Amma fa har fenti ɗaya."

Ma'anar wannan misali ita ce: motocin nan biyu 'ya'yanmu ne. Ciki ɗaya ya haife su, tuwo ɗaya suke ci, har rigar babba ƙarami ke gada. Sai mu ɗauka zuciyarsu ma ɗaya ce. Tsawar da ta gyara wan, mu ɗauko ta mu ɗora wa ƙanen. In ta ƙi shiga, mu ƙara bugawa. Yaron zai yi shiru, mu ce ya gyaru, alhali hanya ce ba ta kai hawan dutse ba tukuna. Mutum yana duban waje, Ubangiji kuwa zuciya yake dubawa. Shi ne ya zuba wa kowane yaro abin da ke cikinsa, wurinsa ya kamata mu tambaya kafin mu ɗauki guduma.

Na so in karanta wa iyaye wannan misali a coci ranar Lahadi, amma na fasa tukuna. In wata ta ɗaga hannu ta ce, "To yaya za mu gane?" ban san amsar da zan ba ta ba. Ɗana Kefas ya daina magana a gida, duk abin da ya yi wa yayansa amfani na gwada, ya ƙi shiga. Ki sa shi a addu'a, Damaris, amma don Allah kada ki gaya wa kowa, ko da matar Fasto ce.