Inda Baƙin Ƙirjin Tanko Ya Tafi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu sha labari!

A dangin tsuntsun nan gwara, wanda ya ƙoshi da tsutsa lokacin sake gashi, ƙirjinsa baƙi wuluk yake fitowa. Kuma mai baƙin ƙirji ne ke fara cin gero a masussuka.

To, wani gwara, Tanko, matarsa ta mutu ta bar masa 'ya'ya huɗu. Duk tsutsar da ya samo, a bakinsu yake zubawa, shi ya ci dusa. Kaka ta yi, ƙirjinsa ya fito toka-toka.

A masussuka Hankaka, sarkin tsiya, ya fashe da dariya. "Tanko, ashe ka kusa zama ɗan'uwana! Ina baƙin naka?"

Shugaban gwara ya ce, "Koma baya, ka jira ragowa."

Tanko ya yi kira sau ɗaya. Sai ga samari huɗu sun dira, ƙirji kamar gindin tukunya. Shugaba ya dubi nasa ƙirjin, ya ja gefe.

Suka ce, "Baba, bismilla. Ba mai sa baki sai ka ƙoshi."

Tanko ya dubi Hankaka. "Baƙina kake nema? Ga shi nan, na raba shi huɗu."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa murhu!