Ruwan Saman da Gizo Ya Yi wa Shamuwa

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunne."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Haka kakarmu Iya Kuluwa ke farawa, tana ɓarar gyaɗa a bakin murhu, mu kuma mun kewaye ta. Gidan ya rushe tuni, ita ma ta daɗe a ƙasa. Ga yadda ta faɗa mana.

Wai a wani gari akwai tsohuwar kuka, a kanta shamuwoyi ke sheƙa duk damina. A cikinsu akwai wata budurwa mai baƙar riga da farin zane, tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Lokacin Gizo bai auri Ƙoƙi ba tukuna. Ran da ya gan ta, lomar tuwo ta faɗi daga hannunsa. Ya daina ci, ya daina noma, sai waƙa a gindin kuka:

"Shamuwa, Shamuwa, mai kawo ruwa,
In ba ke, Gizo ba shi da rayuwa."

A gindin kukar nan kuma akwai Kunkuru. Shi ba ya waƙa. Kullum da sassafe, lokacin da raɓa ta jiƙa wa fara fiffike, sai ya kamo su ya ajiye inda Shamuwa ke sauka. In ta ce, "Sannu, Kunkuru," ya ce, "Yauwa." Iyakar hirarsu ke nan.

Ana gab da girbi, iska ta jefo Shamuwa daga reshe, fiffikenta ya gurɗe. Gizo ya rugo ya kai ta ɗakinsa na jinka, ya ce shi zai yi jinya.

Ta ce, "Na gode, Gizo. Amma ka riƙa duba mini sama. Mu ba ma wuce ruwan ƙarshe. Da ya ɗauke sai mu yi kudu, don rani ba ya barinmu da rai."

Gizo ya ce, "Ki bar wannan a hannuna."

Ruwa ya ɗauke. 'Yan'uwanta suka taru a kan kuka suna shirin tashi. Shamuwa ta ce daga cikin ɗaki, "Gizo, ruwa ya ɗauke?"

Ya ce, "Ina fa! Saurara ki ji." Ya haye jinka da tulu da rariya, ya tsiyaya. Yaf yaf yaf. Ta ce, "To, da sauran lokaci," ta koma ta kwanta.

'Yan'uwanta suka neme ta, Gizo ya ce ai ta riga su yin gaba. Suka tashi.

Aka kwana biyu, fiffike ya warke. Ta ce, "Gizo, ban ji muryar 'yan'uwana ba. Ruwa ya ɗauke?"

Ya ce, "Sun ɓuya ne, hadari ya haɗu." Ya gangara turmi a bayan ɗaki, gurum gurum, ya haye jinka ya tsiyaya. Ta ce, "Ikon Allah, daminar bana doguwa ce."

A nan ƙanwata Lantana ta ce, "Iya, ita ba ta da ido ne?"

Iya ta ce, "Kishiyar banza, ki bari in kai. Wanda ake yi wa waƙa kullum, kunnensa ne ke aiki, ba idonsa ba."

Sai a karo na uku. Shamuwa ta ce, "Gizo, iskar da ke shigowa busasshiya ce. Bari in leƙa."

Ya ce, "Kada ki fito, ƙanƙara ake yi!" Ya watsa tsakuwa a kan jinka, ya tsiyaya ruwa, sannan ya sauko ya saƙe ƙofar da yanarsa, ninki kan ninki.

Duk wannan lokaci Kunkuru na kawo fara bakin ƙofa, Gizo na karɓa yana cewa shi ya kamo. Fara ta yi wuya. Kunkuru ya riƙa zuwa nesa, har wata rana ya dawo da guda ɗaya tak a baki.

Ya ajiye ya ce, "Gizo, sake ta."

Gizo ya dafe ƙirji. "In sake ta? In ta tafi mutuwa zan yi!"

"In ta zauna, ita za ta mutu."

"Kai me ka sani a kan so, mai ɗaki a baya? Ka taɓa kasa cin tuwo saboda ita?"

"A'a."

"Ka taɓa yi mata waƙa?"

"A'a."

"Zuciyarka ta taɓa bugawa kamar kalangu in ta wuce?"

Kunkuru ya kau da kai. Gizo ya yi tsaki, ya ɗauki tulu ya nufi rijiya. Rijiyar kuwa ta ja baya, sai da ya ƙara igiya.

Yana ba da baya, Kunkuru ya sa baki a yanar. Ya ciza, ya ja. Ya ciza, ya ja. Ya ciza, ya ja, har bakinsa ya yi jini. Ƙofa ta buɗe.

Ya ce, "Fito."

Shamuwa ta fito tana tangaɗi, ƙashin ƙirjinta a waje. Ta ga an girbe gero, karan ma an kwashe. Ta ga kuka ba ganye, ba kowa a kanta. Ƙasa duk ta tsattsage, sai ɗan zoben laka da ya kewaye ɗakin Gizo. Ta tsaya tana kallon zoben nan.

Kunkuru ya turo mata ɗan ƙunshi. Busasshiyar fara ce da ya yi ta ragewa daga bakinsa. Ya ce, "Ci rabi, riƙe rabi. Bi gulbi, kada ki rabu da shi. Akwai sauran danshi a fadamun gaba."

Ta ci. Ta gwada fiffike. Sai ta juyo ta ce, "Kai ba za ka ce in zauna ba?"

"A'a."

"Ba ka so in zauna?"

Kunkuru ya ja kansa cikin ƙoƙonsa. Daga can ciki ta ji ya ce, "Ina so. Tafi."

Ta tashi.

Gizo ya dawo ya tarar da ɗaki wayam. Ya fasa tulu, ya yi birgima, ya ce a haƙa masa kabari. Yana cikin birgima sai ga Belbela ta biyo shanu, fara fat. Gizo ya miƙe ya karkaɗe jiki, ya gyara murya:

"Belbela, Belbela..."

Waƙar nan ce dai, suna kawai ya sauya.

Kunkuru kuwa ya yi rani yana tara ƙirare a gindin kuka, don kada ta sha wuyar sheƙa in ta dawo. Bai san ko ta kai ba. Ya dai ci gaba da tarawa.

Ran da hadarin fari ya leƙo daga gabas, sai ga inuwa ta sauka kusa da shi. Ya leƙo da kai, ya dube ta sama da ƙasa.

Ya ce, "Kin yi ƙiba."

Ta ce, "Sannu, Kunkuru."

Ya ce, "Yauwa."

Iya ta zubar da ɓawon gyaɗa a wuta ta ce, "To ku ji. So zazzaɓi ne mai daɗi, kowa zai yi, ban hana ku ba. Amma wanda so ya kama, kansa yake ji wa: yana so ya riƙa ganinki. Mai ƙauna kuwa ke yake ji wa: yana so ki rayu, ko da a inda idonsa ba ya kai."

Na ce, "Iya, ni Gizo na fi so, ya fi ban dariya."

Ta ce, "Ai na sani, mijin wofi. Shi ya sa ban bar maka ajiyar gyaɗata ba."

Sai da na girma na tuna ita ce ke ɗaure wa babanmu guzuri duk shekara in zai tafi cin rani. Shi kaɗai ta haifa. Ban taɓa jin ta ce masa ya zauna ba.

"Ƙungurus kan kusu," in ji ta. "In da ƙarya a ciki, ku je ku tambayi Gizo."