Ruwan Bayan La'asar

Tun da na dawo gida zama ya gagare ni. Garin ya yi mini kaɗan, abokaina sun watse, fadamar da na bari kore shar rabinta ya koma fako. Na tambayi Baffa Inuwa, Sarkin Fadama, abin da ya cinye ta. Ya ce in daure in zauna ko sau ɗaya. Ya yafito mutanen da ke kusa, ya ce ga magana nan, in ya kai aya mu za mu yanke.

Abokai uku ne, in ji shi, 'ya'yan garin nan, duk sun iya rubuta manhaja: Tasi'u, Mudansiru da Barira.

Magudana ɗaya manoman rani suke ban ruwa da ita, kowa da lokacinsa, kullum cikin rigima. Tasi'u ya rubuta musu manhajar waya, ya sa mata suna Ɗan'aike. Aikin Ɗan'aike ɗaya ne, ya kira mutum da murya ya ce, "Malam wane, ruwanka bayan la'asar." Tasi'u ya bar rubutun a buɗe a intanet, kowa ya duba, ya gyara, ya ɗauka kyauta. Rigima ta kwanta. Sai dai duk wanda ya kawo ƙari yakan mayar masa, ya ce ba don haka ya yi abin ba. Masu taimako suka gaji suka janye. Da ya sami aiki a Fatakwal ya tafi, wayoyi suka canja, Ɗan'aike ya fara yin shiru.

Mudansiru ne ya tsince shi yana gargara. Ya ce abin da ƙauye ɗaya kawai yake amfana da shi ba wanda zai taya ka riƙonsa. Ya buɗe ƙofa: kalanda, hira, ajiyar takardu, kiran taro. Masu rubuta manhaja daga ƙasashen da Baffa bai iya faɗin sunansu ba suka shigo, makarantu da ƙungiyoyi suka ɗauka. Ɗan'aike ya farfaɗo, har ya yi ƙibar da ƙananan wayoyi ke nishi kafin su buɗe shi. Wata rana ɗaya daga cikin baƙin ya ga "bayan la'asar" ta ƙi shiga kalanda, ya tambaya ƙarfe nawa ke nan. Mudansiru ya ce ƙarfe huɗu, ya amince da gyaran.

A nan Baffa ya daɗe yana murza carbi. Ya ce a fadama bayan la'asar na nufin an sallame salla, mai toshe ruwa da mai buɗewa sun tako tare daga masallaci zuwa bakin magudana. Ƙarfe huɗu kuwa, mutum na cikin sahu wani ya karya masa ruwa. Albasar Malam Gambo ta ƙone, ya zargi maƙwabcinsa Ɗanliti, har aka ɗaga fartanya. Tare aka yi musu kaciya, yau ko gaisuwa ba sa yi. Da yawa suka haƙura da noman ranin.

Barira ce ta sauka fadama, ta bi manoma fangali-fangali tana jin bakinsu. Ta roƙi Mudansiru ya mayar da kalmar, ya ce in aka taɓa kalanda makarantu za su rikice. Sai ta kwafi rubutun, tunda a buɗe yake, ta yi nata reshen, ta sassabe duk ƙarin, ta mayar da la'asar. Ragowar manoma suka samu natsuwa, bara an ci tumatir. Amma gida ya rabu biyu. Baƙin suka tsaya wajen Mudansiru, gyara ya koma kanta ita kaɗai, kuma da zazzaɓi ya kwantar da ita ba wayar da ta kira kowa. Zumuncin ukun ma a nan ya tsinke.

Yanzu baƙin sun aiko cewa za su haɗe rassan biyu, muddin mutum ɗaya ne zai riƙe makulli, shi ke cewa wannan ya shiga, wannan kar ya shiga. Tasi'u ya dawo. An bar wa manoma zaɓi, kuma Baffa ne zai faɗi suna kafin a saki ruwan bana. In ya kuskure, ragowar fadamar ma ta tafi.

Da ya kai nan, Baffa ya kira abokan uku zaurensa muna zaune, kowannensu na kallon bangonsa.

"Baffa, ni na san abin da na yi shi dominsa," in ji Tasi'u.

"Ku tambayi wancan ƙarfe nawa ake la'asar," in ji Barira.

"Da na bar shi ya mutu, me za ki kwafa?" in ji Mudansiru.

Baffa ya dube ni, ya dubi sauran. Ya ce, "Kai da ka zaga duniya, da ku da ba ku je ko'ina ba, ku taya ni. Wanda ya ƙirƙira ya tafi, wanda ya raya ya ɓata kalma, wadda ta gyara ta raba gida. To, a hannun wa zan sa makullin nan?"