Baƙon da Ya Sare Gawon Gwauruwa

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai nisa, mutumin kirki, amma ƙafarsa ba ta san zama ba. Wata shekara da damina ya ɗauki jaka ya ƙetare teku, ya sauka a wani ƙauye, ya ce kwana bakwai gare shi, ya zo taimako.

Aka sauke shi gidan wata tsohuwa gwauruwa. Ta kawo masa ruwa, a tsaye ya sha. Ta shimfiɗa tabarma, bai ko kalle ta ba. Ya leƙa rijiya, lafiya lau. Ya leƙa rumbu, ba inda yake yoyo. Kwana huɗu suka wuce, bai yi abin da zai ba da labari a gida ba, abin ya hana shi sukuni.

Rana ta biyar tsohuwa ta tafi kasuwa, shi kuwa ya zaga gonarta. Ko'ina kore shar, sai wani ƙaton itace a tsakiya, ba ganye ko ɗaya. A ƙasarsu itacen da ya bushe da damina matacce ne. Ya ce a ransa, "Madalla, ga aiki. Na rage mata hatsari, na kuma tara mata itacen girki." Ya ari gatari. Kafin yamma itacen yana ƙasa, ya hau kansa ya ɗauki hoto.

Da tsohuwa ta dawo, ta sauke kayanta, ta leƙa gona, ta tarar da itacen a ƙasa.

Ya ce, "Mama, na kawar miki da mataccen."

Ta ce, "Ɗana, gawo ne. Da damina yakan tuɓe riga don gero ya sha rana. Da rani, in kowa ya tuɓe, shi yake sa tasa. 'Ya'yansa awakina suke ci har ruwa ya sauko."

Ya ce, "Zan dasa miki wani."

"Kwana nawa ya rage maka?"

"Biyu."

"To, wancan kakan mijina ya tarar da shi."

Ya koma ƙasarsu da hotonsa, aka yi ta yaba masa. Da rani ya yi, tsohuwa ta kora awakinta kasuwa, ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: mu ne baƙon, duk ranar da muka je wata ƙasa ko wani ƙauye aikin taimako na mako guda. Gawon kuwa shi ne abin da Allah ya riga ya tanadar wa mutanen wurin, wanda idon baƙo bai san amfaninsa ba. Zuwan ba laifi ba ne, zuciyar ma mai kyau ce. Amma baƙo raɓa ne, da hantsi ya tafi, masu gida su kwana da abin da ya bari. Tsohuwar nan tana bakin ƙofa kwana huɗu, bai tambaye ta komai ba. In kun je, ku zauna a tabarmar tukuna. Gatari ba zai gudu ba.