Iyafis da Goron Gayya

Akwai wani magidanci a wani ƙauye can bayan Tofa, sunansa Abdulbasit. Manomi ne ɗan manomi. Yana zaune da matarsa Ramlat da 'yarsu Ummi, yana noma gonar da ya gada wurin mahaifinsa, marigayi Malam Yahya. Ba mai hali ba ne, amma hatsinsa yana kai shi wata daminar, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Abu ɗaya Allah ya ɗora masa, son kiɗa. Mutumin nan ko luguden daka ya jiyo daga maƙwabta sai ka ga kafaɗarsa ta fara motsi.

Da can a lasifikar waya yake jin waƙoƙinsa. Ya jefa ta a aljihun gaba, yana noma tana ta ƙara, iska ta kwashe rabin waƙar, caji ya ƙare tun kafin azahar. In ya kunna a gida kuma Ramlat ta ce zai tashi yarinya daga barci.

Wata rana ya kai wake Dawanau, ya biya ta teburin abokinsa Sha'aban, ɗan ƙauyensu ne da ke sayar da kayan waya, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Sha'aban ya miƙo masa iyafis, irin mai igiyar nan da 'yan robobi a baki da ake cusawa cikin kunne.

"Wannan na talakawa ne," in ji Sha'aban. "Akwai na manya, marar igiya, amma shi kullum sai ka yi masa caji, in ɗaya ya faɗa cikin gero kuwa ka yi ta nema har kaka. Kai dai ɗauki wannan. Ko akuya ta tauna shi ba za ka yi kuka ba."

Abdulbasit ya saka a kunne, aka kunna masa wata waƙar noma. Ya yi tsaye cak a tsakiyar kasuwa, baki buɗe. Hayaniyar 'yan dako da ƙugin manyan motoci duk suka ja baya. Waƙar da ya daɗe yana ji ce, amma sai ranar ya san ashe akwai wata 'yar ƙaramar ganga da ke amsawa a ƙarƙashin babbar.

"Kai, Sha'aban! Ashe duk shekarun nan rabin waƙa nake ji?"

Ni mai ba ku labarin nan akwai irinsa a aljihuna yanzu haka, don haka kada wani ya ce na zo kushe iyafis mai araha. Wallahi yana biyan bukata. Gumi ya jiƙa shi, ƙasa ta shiga, ka goge da bakin riga ya ci gaba da aiki. Ga mai jin waƙa a gona ko a bayan mota, me kuma ake nema?

Abdulbasit ya ji daɗin duniyarsa a daminar nan. Da safe ya zura igiyar ta cikin riga, ya toshe kunnuwa biyu, ya kifa malafa a kai, ba wanda zai ce akwai wani abu a kunnensa. Ya sunkuya da fartanya, kunya bayan kunya, bai san rana ta yi ba. Yana da wata ɗabi'a kuma: in waƙa ta kai masa inda yake so, ba gyaɗa kai yake yi ba kamar sauran mutane, girgiza shi yake yi dama da hagu, sak mai cewa a'a.

To, gonarsa tana iyaka da ta wani dattijo, Baba Zakariya. Layin gamba ne kawai ya raba su. Baba Zakariya Kirista ne, daga unguwar da ke ƙetaren rafi, kuma aminin marigayi Malam Yahya ne tun suna samari. Da Sallah tuwon gidan Malam Yahya yana ƙetare rafi, da Kirsimeti shinkafar gidan Baba Zakariya tana ƙetarowa. Ranar da aka binne Malam Yahya, dattijon nan ya zauna a ƙofar gidan har aka watse. Bai taɓa kiran Abdulbasit da sunansa ba, sai dai "ɗan Yahya".

Shekarar nan ƙafa ta matsa wa Baba Zakariya, ciyawa ta so ta fi ƙarfin gonarsa. Sai ya yanke shawarar kiran gayya, samarin gari su taru su yi masa maimai a yini guda. Ya sayi goro, ya bi mutane yana rabawa, don a wurinsu wanda aka ba goron gayya shi aka gayyata. Na ɗan Yahya kuwa ya zaɓi babba fari, ya ce da hannunsa zai kai.

Ya dogara sandarsa har bakin gamba. Ga Abdulbasit can a sunkuye, ɗan nesa kaɗan, ya ba shi gefe.

"Sannu da aiki, ɗan Yahya!"

Fartanya kawai ke tashi tana sauka.

Dattijo ya ɗaga murya. "Ɗan Yahya, ranar Asabar ina da gayya. Ga goronka na kawo. Za ka samu zuwa?"

Daidai lokacin mawaƙin da ke cikin kunnen Abdulbasit ya kai wurin da ya fi so. Sai ya girgiza kai, dama da hagu, ko ɗagowa bai yi ba.

Baba Zakariya ya yi tsammanin idonsa ne. Ya sake cewa, "Ba za ka zo ba, ka ce?"

Abdulbasit ya ƙara girgiza kai, wannan karon har da kafaɗa.

Jama'a, ku sa kanku a matsayin tsohon nan. Yaron da aka haifa a gabanka, ka zo da furfurarka da gurguwar ƙafarka, ko gaisuwarka bai amsa ba, ya kore ka da ka. Baba Zakariya ya mayar da goron aljihu, ya juya. A hanya yana ta saƙe-saƙe. Ya san zamani ya canza, yara suna jin maganganu iri-iri a waya game da wanda za a yi hulɗa da shi da wanda ba za a yi ba. Ya ce a ransa, ashe abin ya iso har gidan Yahya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma gaya wa kowa a garin ba sai babban ɗansa.

Shi kuwa gogan naku bai san an yi ba. Ya tashi daga gona yana fito.

Ranar Asabar da safe yana zaune a tsakar gida yana shan koko, sai ya jiyo gangar noma daga wajen gonar Baba Zakariya. Ya fito ƙofar gida, ya ga samari suna wucewa da fartanyoyi a kafaɗa. Sha'aban ya zo wucewa a kan mashin zai tafi Dawanau, ya tsaya.

"A'a, kai ba ka tafi gayyar ba? Ni ma an ba ni goro, na ba da haƙuri saboda kasuwa."

"Wace gayya?"

"Ta Baba Zakariya mana. Kana nufin ba a kawo maka goro ba? Kai da kuke iyaka?" Sha'aban ya kama baki. "Lallai. To wallahi in ni ne ko leƙe ba zan yi ba. Wanda bai neme ka ba, me za ka je yi masa? Koma ka sha kokonka."

Abdulbasit ya koma ciki jiki a sanyaye. Ransa ya ɓaci sosai. Tun yana yaro ba a taɓa yin aiki a gonar nan babu ɗan gidansu ba. Ya zauna ya tasa kokon a gaba, ya kasa sha.

Ramlat tana shara, ta dube shi. "Baban Ummi, in Malam yana da rai, yana jin gangar nan, goro zai tsaya jira?"

Zuciya tana ce masa zauna, ai kai ma mutum ne. Ya daɗe a haka, ganga tana ta tashi. Can dai ya miƙe, ya saɓi fartanyarsa.

"In ya kore ni, na dawo," ya ce. "Amma ba za a ce daga wajena abin ya lalace ba."

Da ya isa, ya tarar aiki ya yi nisa. Ya je ya durƙusa gaban Baba Zakariya da ke zaune a gindin ɗorawa, ya gaishe shi. Dattijo ya amsa da "lafiya" guda ɗaya, ya kau da kai. Shago, babban ɗan Baba Zakariya, wanda kullum suke wasa da dariya, ko hannu bai miƙo masa ba.

Abdulbasit ya daure, ya je ya kama kunyarsa a ƙarshen layi. Ya yi noma irin na mai huce haushi, har makaɗi ya dawo bayansa yana zuga shi. Baba Zakariya yana kallo daga inuwa, ya rasa gane kan yaron nan.

Da aka tsaya shan fura, dattijo ya aika aka kira shi.

"Ɗan Yahya, ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Me ya kawo ka?"

"Baba, gonarka ce. Ko ba a ba ni goro ba, ai ba zan ji ganga a nan in zauna a gida ba. In wani laifi na yi da aka tsallake ni, a gaya mini in ba da haƙuri."

"Aka tsallake ka?" Baba Zakariya ya laluba aljihu, ya fito da goro fari da ya fara yanƙwanewa. "Wannan na waye? Har bakin gamba na kai maka. Na gaishe ka, ka yi banza da ni. Na ce za ka zo, ka girgiza mini kai. Na sake tambaya, ka sake girgizawa har da kafaɗa."

"Ni? Ni Baba? Yaushe?"

"Ranar da kake maimai a gefen iyaka, da malafarka."

Abdulbasit ya tuna ranar. Sai ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Baba, wallahi ban ji ka ba, ban ma san ka zo ba. Wannan ne a kunnena."

Ya zaro iyafis daga aljihu. Baba Zakariya ya karɓa yana juya shi a tafin hannu.

"Wannan ɗan abin kamar wake a jikin zare? Shi zai hana ka jin muryata? Ɗan Yahya, kada ka mai da ni yaro."

"Baba, don Allah gwada."

Ya goge robobin da bakin riga, ya saka wa dattijo a kunnuwa biyu, ya kunna waƙar noman nan. Baba Zakariya ya zabura, ya waiga yana neman makaɗin. Sannan ya lafa, ya lumshe ido.

Shago ya matso kusa da shi. "Baba! Baba, fura ta ƙare, a ƙaro?"

Ko gezau. Shago ya ƙara ɗaga murya, har na nesa suka juyo. Tsoho dai yana can wata duniya, sandarsa tana buga ƙasa, kansa ya fara tafiya dama da hagu.

Wurin ya kaure da dariya. Wani saurayi har da ƙwarewa da fura. Shago ya riƙe ciki, ya zo ya dafa kafaɗar Abdulbasit.

Da aka cire masa, aka gaya masa abin da ya yi, Baba Zakariya ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ashe abin ba raini ba ne, daɗi ne." Ya miƙa wa Abdulbasit goronsa, ya ce ya ci, ko da ya bushe nasa ne.

Sai kuma dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya kira ɗansa.

"Shago, maganar da na gaya maka, na janye ta."

Shago ya sunkuyar da kai. Abdulbasit ya ce, "Wace magana, Baba?"

Dattijo ya dube shi. "Ce masa na yi, ranar da na mutu kada a aika gidan Yahya. Da ka zauna a gida yau, da haka za a yi, kai kuma ba za ka taɓa sanin dalili ba."

Abdulbasit ya zauna a ƙasa, idonsa ya cika.

Baba Zakariya ya dafa kansa, ya dubi Shago. "Yanzu ka ji sabuwa. In ranar ta zo, kafin ka gaya wa kowa a ƙetaren rafi, ka fara zuwa ka buga ƙofar yaron nan."

Darasi: Iyafis mai araha abokin aiki ne, ka ji waƙarka ka more, amma in kana cikin mutane bar kunne ɗaya a buɗe saboda mai gaishe ka. Kuma in ka ga kamar wani naka ya wulaƙanta ka, kada ka yanke hukunci daga nesa, taka ka je ka ji daga bakinsa, don zumunci da yawa ya mutu a kan abin da ba a ma yi ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan da kuka sani da ba ya rabuwa da abu a kunne.